Kuɗin cefane ba ya isa, maigida kuma ya koma cin tuwon dare a gidansu

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kano. An ɗaura mana aure a ƙarshen 2022, yanzu yaranmu biyu. Maigidana ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi, kuma tsakani da Allah ba ya duka, ba ya zagi, bai taɓa barinmu mun kwana da yunwa ba. Damuwata kuɗin cefane. Abin da yake ajiye mini kullum da safe, sau ɗaya ya taɓa ƙara shi tun ina amarya, yanzu ko kayan miya da mai ba ya kaiwa. Ina yin zoɓo da kunun aya ina sayarwa, a ciki nake cikawa, ban taɓa gaya masa ba, har na fara rasa zubin adashina. Kwanaki na ce masa gas ya ƙare, sai ya ce ban iya tattali ba, wai Hajiyarsa da rabin abin da yake ba ni take riƙe gida. Tun ranar ban sake sakar masa fuska ba. Shi kuma yanzu daga wurin aiki gidansu yake wucewa, ya ci tuwon dare a can, ya zauna majalisa sai goma ta gota, abincin da na girka ya kwana ya lalace. Ƙawayena sun ce aure zai ƙara, in sayi kayan mata in gyara kaina, wata ma cewa ta yi in je wurin malami. Mahaifiyata kuma ta ce in yi haƙuri. Ina son mijina Anti, amma gidan ya fita daga raina. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya raya miki yaran, ya ƙara rufin asiri.

Mijinki bai san nawa tukunyar gidansa take ci ba, kuma ke kika hana shi sani. Kada ki ji haushina, tsaya ki dubi lamarin daga inda shi yake. Kullum da safe yana ajiye kuɗi a gaban madubi ya fita. Da daddare ya dawo ya tarar da tuwo da miya, ga ɗan nama ko kifi, yara sun ƙoshi, ba wanda ya ce masa uffan. Wata ya wuce, shekara ta wuce. A lissafinsa kuɗin nan yana isa, tunda ga shaida a kwano. Bai san man da ke cikin miyar daga zoɓonki ya fito ba, bai san uwar adashi ta fara aiko miki yaro ba. Kwatsam aka ce masa gas ya ƙare tun lokacin da ya zata bai yi ba, sai ya ɗora laifin a kan mai riƙe da kicin. Kin yi ta rufa masa asiri har shi mai asirin bai san akwai abin da ake rufewa ba.

Wannan bai wanke shi ba. Maganar da ya faɗa miki ba ta dace ba, kuma gwada mace da uwar mijinta a kan girki abu ne da namiji mai lura ba ya yi, don ba ta da bakin mayar da martani ba tare da ta taɓa mahaifiyarsa ba. Gwajin ma ba daidai ba ne. Gidan Hajiya ba da kuɗin safe kaɗai yake tafiya ba. Wannan ɗan ya sauke buhun masara, wancan ya aiko da jarkar mai, wata 'yar ta kawo daddawa da kuka daga ƙauye, ga kauda da busasshiyar kuɓewa a ɗaki tun bara, ga murhun itace ko gawayi. Abin da ake miƙa wa Hajiya da safe na ɗanyen kaya ne kawai, tattasai da albasa da ɗan nama. Ke kuwa daga gishiri har ashana a cikin kuɗin nan kike saye. Na bayyana miki ne don zuciyarki ta huta, ki san ba gazawarki ba ce. Amma kada ki kuskura ki kai masa wannan bayanin da sunan Hajiya a ciki. Duk hujjar da ta bi ta kan mahaifiyarsa, ko gaskiya ce, ba za ta shiga kunnensa ba.

Ki kuma tuna lokacin da aka kawo ki gidan nan. Wata biyar ko shida da tarewarki, ranar 29 ga Mayu 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi sahu, daga tumatirin Kadawa har manjan da ake kawowa daga kudu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kowa ya san ƙarin bai kamo kasuwa ba, ko da yake hatsi ya sauko daga baya. Mijinki ya san wannan ta ɓangarensa: ya san kuɗin man da yake zuba wa mashin ko mota, ya san haya, ya san abin da ake yanka a asibiti. Abin da bai sani ba shi ne kuɗin kwalbar man gyaɗa da kwanon shinkafa yau, don ba shi ke miƙa wa mai shago ba. Ina kuma kyautata zaton shi ma a matse yake. Namiji da yawa in aljihunsa ya yi sanyi ba ya iya buɗe baki ya ce wa matarsa babu. Sai ya riƙa jinkirta shigowa gida, don ya san tambaya na jiransa a bakin ƙofa.

A shari'a ba ki da laifin komai in kin nemi a ƙara. Ciyarwa a kan miji take, gwargwadon ƙarfinsa. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Kuɗin zoɓonki naki ne, ba wanda yake da iko da shi sai da yardarki. In kin sa a tukunya kin yi alheri, kuma kina da magabata: Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da su, ta aika a tambayar mata Manzon Allah (SAW) game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Sai dai alherin da ake yi ana ƙullata a zuci yana juyewa ya zama bashin da ake bin mutum bai san an ba shi ba. Shi ya sa maganar gas ta yi miki zafi haka. Kin ji kamar wanda kika daɗe kina ɗaukar wa kaya ne ya ce ba ki taɓuka komai ba, shi kuwa bai ma san an ɗauka ba.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki yi gaggawa. Nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki ajiye shi a kicin tare da biro. Mako biyu cur, duk abin da aka saya a gidan nan ki rubuta: rana, kaya, kuɗi. Ba tumatir da nama kaɗai ba. Ki sa kuɗin markaɗe da niƙa, jarkokin da ɗan ga-ruwa ya kawo, dunƙulen magi, omo da sabulu, gawayi, kuɗin tara, famfas ɗin ƙaramin, maganin zazzaɓin da aka saya a kemis, har sadakar almajirin da ke miki wanke-wanke in kina da shi. Waɗannan ƙananan su ne suke cinye kuɗi, su ne kuma maza ba sa gani. A gefe ki yi alama a duk wanda kika biya da kuɗinki. Kada ki ƙara ko naira biyar a kan farashi. Akwai matan da ke yin haka da sunan dabara, amma ranar da ya tsaya a shago ya tambaya ya ji saɓani, littafin gaba ɗaya ya mutu, amanarki ta bi shi.

Sai ki zaɓi lokaci. Ba yana shigowa ba, ba yana jin yunwa ba, ba a ƙarshen wata lokacin da ake duba waya ana jiran albashi ba. Safiyar Asabar ta fi, kwana biyu ko uku bayan an biya su, ya karya, yara suna wasa a tsakar gida. Ki zauna kusa da shi, ba tsaye a kansa ba. Ki ce masa wani abu mai kama da haka, da irin sunan da kike kiransa: “Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka don kada in ɗaga maka hankali, na ga ɓoyewar ba ta yi amfani ba. Ga abin da muke kashewa a gidan nan. Wanda na sa wa alama, da kuɗin sana'ata na cika. Ba gori nake yi ba, na san nauyin da ke kanka. So nake mu duba tare mu ga yadda za mu yi.” Ki miƙa masa littafin, ki yi shiru. Shirun nan yana da wuya, amma ki daure. Ki bar shi ya karanta, ya tara, ya sake tarawa.

Kalma ɗaya ce za ta rushe zaman nan: “ai ni nake ciyar da gidan nan.” Ko ya tsokane ki, kada ta fito. Da zarar namiji ya ji ƙamshin gori, ya daina ganin lambobin da ke gabansa, mutuncinsa yake karewa.

Kada kuma ki sa ran zai rungume ki yana godiya a nan take. Mai yiwuwa ya ɗaure fuska ya ce wa ya sa ki. Mai yiwuwa ya ajiye littafin ya fita bai ce komai ba. Sau da yawa kunya ce take fitowa da kamannin fushi. Ki ba shi kwana biyu. In ya dawo ya ce gaskiya ba shi da abin ƙarawa, ki yarda da shi, kada ki ce to ina kuɗin kaza. A nan ne za ki kawo shawarar da ta fi ƙarin kuɗin safe amfani, wato a canza yadda ake sayayyar.

Awon kullum shi ne saye mafi tsada da talaka ke yi. Man ƙulli, sukarin ƙulli, gwangwanin shinkafa a shagon unguwa, in kin tara su a wata za ki ga kin biya ribar mutum uku ko huɗu da kayan suka bi ta hannunsu. Ku da ke Kano ba ku da uzuri a nan. Ga Dawanau ta hatsi, ga Singa ta mai da taliya da sabulu da sukari, ga Yankaba ta kayan miya. Ki roƙe shi ranar albashi ya ware kuɗin abin da ba ya lalacewa, ya je da kansa ya sayo, ya rage miki na safe ya zama na ɗanyen kaya kawai. Ina nanata ya je da kansa, don zagaye ɗaya a Singa da takardar kaya a hannu zai koya masa abin da bakinki ba zai koya masa a shekara ba. In buhu ya fi ƙarfinku, ku haɗa da maƙociya ko facalarki ko wani abokin aikinsa, a sayo buhu ɗaya a raba da kwano. Ma'aikata da yawa haka suke yi yanzu, ba abin kunya ba ne.

Ki riƙa bin lokacin kaya. Masara da gero da dawa da wake sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sun fi tsada da damina ta yi nisa kafin sabon amfani ya shigo. Tumatir kuwa akasin haka yake: da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na noman rani ya cika kasuwa, kwando yana faɗuwa, da damina kuma sai ki ga ƙwaya huɗu ana kiran kuɗin da zai sa ki yi salati. Iyayenmu ba su da firji amma miyarsu ba ta yankewa. In ya yi araha ki sayi rabin kwando ko ku raba kwando da wata, ki wanke, ki yanka, ki shanya a kan buhu mai tsabta a inda ƙura da kaji ba sa kaiwa, ya bushe ƙayau, ki ɗura a abin da iska ba ta shiga. Haka tattasai da attarugu da kuɓewa. Kauda da ɗan ɗanyen tattasai da albasa tana ba da miya mai kyau, in kin jiƙa ta da ruwan zafi kin wanke ƙasar kafin markaɗe. Wake kuma ki shanya shi ya bushe sosai, ki cika jarka mai murfi har baki, ki toshe ta yadda iska ba za ta samu hanya ba, ƙwaro ba ya rayuwa a ciki. Kada ki bari kowa ya ce ki zuba masa maganin ƙwari na feshi, guba ne, kuma cikin yaranki zai shiga.

Batun gas da ya jawo rigimar, akwai gyara ta ɓangarenki ma. Abin da ke daɗewa a wuta, wake da ganda da tuwon masara da tafasa zoɓon sayarwa, ki mayar da su kan gawayi, ki bar wa gas shayi da ɗumame da girkin gaggawa. Ina zargin tafasa zoɓon nan yana cikin abin da ke shanye miki tukunyar gas, kuma in haka ne adalci shi ne sana'ar ta biya kuɗin wutarta. Ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya, ki yi miyar da za ta kai kwana biyu. Gawayin dai a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, ba a ɗaki a rufe ba ko da ana sanyi, don hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutane a barci.

Sana'arki kuma tana buƙatar ki tsaya mata. Yadda kike zarar kuɗi daga cinikin yau ki sayi kayan miya, ba riba kike ci ba, jari kike ci, shi ya sa zubi ya fara gagarar ki. Ki raba kuɗin sana'ar kashi uku a wurare daban: na sayen zoɓo da aya da sukari da robobi da ƙanƙara, wanda ba a taɓawa, na adashi, sai abin da ya rage. A cikin ragowar ki yanke abin da ranki ya yarda ki taimaka da shi a wata, ki faɗa masa adadin a fili. Taimakon da aka sani ana gode masa, kuma yana da iyaka.

Yanzu tuwon dare a gidansu. Kada ki ɗauke shi a matsayin yaƙi, kada kuma ki buɗe shi a rana ɗaya da maganar littafi. Namiji ya biya ta wurin mahaifiyarsa bayan magariba ya gaishe ta, ta tura masa kwano, abu ne da ya zauna a garin nan, kuma ɗa ba ya iya ce wa uwa ya ƙoshi kullum. In kin ce ya daina, kin sa shi zaɓe tsakaninki da ita, ke za ki faɗi. Abin da za ki nema ƙarami ne kuma ba mai ƙin sa: in ya san a can zai ci, ya turo miki saƙo kafin la'asar don ki rage awo, tunda zubar da abinci a wannan zamanin ba mai so. Ki lura da yadda maganar ta koma kan tattalin da ya ce ba ki iya ba, ba tare da kin ce masa komai ba. Ranar da kika samu sarari kuma ki yi dambu ko ɗan farfesu ko alala, ki zuba a kula mai kyau ki ce ya kai wa Hajiya, wani lokacin ki shirya yaran ku tafi tare. Surukar da ke cin girkin matar ɗanta, ita da kanta take cewa tashi ka tafi gida, iyalinka na jira.

Kafin nan, ki kama abincin da ba ya iya guje masa, wato karin kumallo. Ko ɗumame ne da shayi, ko koko da ƙosai, ki shimfiɗa tabarma ku zauna tare da yaran, ba a miƙa masa a tire ke ki koma wanke-wanke ba. Minti goma sha biyar ne, amma a nan zai ji babbar ta iya sabuwar kalma, ya ga ƙaramin ya fara tsayuwa. Mutum ba ya ɗokin komawa gidan da bai san labarin cikinsa ba.

Sai fuskarki. Kin ce tun ranar ba ki sake sakar masa ba. Na fahimci dalili, amma ki dubi abin da yake tararwa: ya shigo goma ta wuce, an amsa sallama a ciki-ciki, kula na ajiye a falo, matar gida ta juya wa ƙofa baya. Gobe sai ya ƙara rabin awa a majalisa, ke kuma ki ƙara ɗaurewa, kowa yana jiran ɗayan ya fara saukowa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani ya karya wannan, kuma ke ce kika rubuto mini, ba shi ba. Ki tare shi da sannu da zuwa, ki ba shi ruwa, ki tambaye shi ya ya baro Hajiya. Duk abin da ya ƙare a gidan, ki bar shi sai ya zauna ya huta, ko ma sai da safe. Ba cewa nake ki yi dariyar da ba ta kai zuci ba. Cewa nake kada bakin ƙofa ya zama wurin kai ƙara.

Ciwon maganarsa ma kada ki haɗiye shi, zai fito ta wata hanya. Bayan ƙura ta lafa, wata rana kuna cikin daɗi, ki ce masa a taƙaice: “Ranar da ka ce ban iya tattali ba, maganar ta yi mini ciwo, don ina iya ƙoƙarina.” Shi ke nan, kada ki jawo tarihi. Ba lalle ya ce ki yafe shi da baki ba, mazanmu da yawa ban-haƙurinsu a leda yake zuwa, tsire ko lemo ko atamfa. In ya zo da ita ki gane abin da take nufi, ki karɓa.

Na san maza suna leƙa wannan fili, don haka ga taku a gurguje. Wanda rabonsa da ƙara kuɗin cefane tun kafin a cire tallafi, kuma har yau yana tarar da miya mai kyau, ya sani wani ne ke biyan bambancin, ya tambayi matarsa yau. An tambayi Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Riƙe yaro minti goma tana tuƙa tuwo bai taɓa rage wa kowa girma ba.

Shawarar ƙawayenki ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Matar da ta rasa zubin adashi ba ta da kuɗin zubarwa a kan haɗe-haɗen da ake tallatawa a Instagram da TikTok, waɗanda yawancinsu ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san abin da aka zuba, wasu na matsi kuma ciwon sanyi da ƙaiƙayi suke jawowa a ƙare a asibiti. Tsabta, turaren wuta, kitso, lalle, kaya masu kyau a cikin gida, waɗannan naki ne kuma kin san su. Mai cewa zai juya miki zuciyar miji da laya ko rubutu a ba shi kuɗi, kuɗinki zai ci ya taɓa miki imani. Addu'a kuwa ba ta buƙatar ɗan aike. Batun ƙarin aure, ban ga alamarsa a wasiƙarki ba. Ba zan rantse miki a kan zuciyar namiji ba, amma kada ki gina fushi a kan hasashen wadda ba ta kwana a gidanki, kada kuma ki fara binciken wayarsa. Ki rage kai sirrin ɗakinki zauren ƙawaye. Ku za ku shirya, su ba za su manta ba.

Mahaifiyarki ta yi gaskiya da ta ce ki yi haƙuri, sai dai ba na jin tana nufin ki yi shiru jarinki ya ƙare. Haƙurin da ake nema a nan shi ne na mako biyun rubutu, na jiran safiyar da ta dace, na riƙe harshe in ya ɗaure fuska.

In kin yi duk wannan, aka ɗauki wata biyu ko uku, kika tabbatar yana da hali amma ya ƙi, ko ya mayar da sana'arki hujjar janye hannunsa gaba ɗaya, to magana ta wuce ku biyu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta nuna hanya: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Ki zaɓi wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, yayansa ko kawunsa ko waliyyin da ya karɓa masa auren, ki sanar da mahaifinki ko waliyyinki, ki tafi da littafinki. Hukumar Hisbah tana sauraron irin wannan ƙorafi na ciyarwa, amma wannan matakin ƙarshe ne, kuma daga yadda kika siffanta mijinki ba na jin za ku kai can.

Adashin kuma kada ki bari ya zama abin da za a yi ta aiko miki yaro maƙota na gani. Ki je wurin uwar adashi da kanki a wannan makon, ki gaya mata ranar da za ki cike abin da ake bin ki, in kuma zubin ya yi miki nauyi ki nemi a mayar da ke rabin hannu in an zagayo.